Gidajen Yumɓu na 'Yan Aji Biyu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka shi. Mu nan lafiya gwargwado. Yaya da iyalinsa suna nan ƙalau. Baban Ummi ma lafiya. Takwararki Ummi ta fara famfara, tana ta dariya da giɓi.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Na kuma san waɗanda za su karanta wannan wasu mutane ne da ban sani ba, a wayoyinsu. Su karanta, ba laifi. Ni dai da ke nake, don tun da na taso, in tsoro ya kama ni ke nake nema.

Daga ɗakinki na Tambuwal nake rubutu. Mun baro ƙauyen da aka tura ni koyarwa bayan rasuwarki, can bayan Kebbe. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu ko sunan gari mutum ba ya ambata a bainar jama'a. Jikina yana nan, Inna, amma 'yan ajina suna can, yara 'yan shekara bakwai da takwas, kuma makarantarmu a bakin gari take, ta wajen daji. Tsoro nake ji. Kullum da hantsi sai gabana ya faɗi, don lokacin ne suke kan hanyar makaranta, kuma ban sani ba ko har yanzu suna zuwa.

Ke kin tafi a zamanin da ƙarar babur ke nufin baƙo ya zo ko an kawo saƙo. Yanzu a can, in aka ji babura fiye da ɗaya, mace takan saki taɓarya ta nemi ɗanta. Mutanen daji ake ce musu. Suna zuwa da bindigogi su kore shanu, su kwashe hatsi, su tafi da mutane. Ba su shigo ƙauyenmu ba sa'ad da nake can, amma sun shiga na kusa da mu, kuma mun ga hayaƙin da idonmu.

Bayan wannan ranar yaran suka daina magana. Ajin da nake fita da ciwon kai saboda surutu ya koma tsit. In na yi tambaya su zuba mini ido. In mai babur ya wuce sai in ga kawuna sun shige ƙarƙashin benci. Na yi waƙa, na yi tatsuniya, na yi lallashi, har faɗa na yi, duk a banza.

Sai na tuna da abin da kike cewa in an kawo miki yaron da ya firgita: "Yaro in ya yi shiru, kak ki tambaye shi komi, aza mai yumɓu ga hannu."

Kin tuna yadda nake gudun yumɓu? Ranar da za ki kwaɓa, ranar nake tashi da ciwon ciki, ko da aikin makaranta da ba ya ƙarewa. Na ce ni boko zan yi, ba zan ƙare ina warin hayaƙi kamar maginan tukwane ba. Ba ki taɓa yi mini faɗa a kai ba. Kallona kike yi ta gefen ido kina shafe bakin tulu da jiƙaƙƙen tsumma, ki ce, "Tahi abinki, malama." To ga malamar taki, da takardar shaidarta da komai, ɗauke da kwanon yumɓu a ka daga bakin kududdufi, zani ya jiƙe har gwiwa. Da kin gani da sai an riƙe ki don dariya.

Muna da darasin aikin hannu a tsarin karatu. Littafin da aka ba mu ya ce a nemo wa kowane yaro almakashi da gam da takarda mai launi-launi. Ban san wanda ya rubuta shi ba, amma na rantse bai taɓa sauka daga kwalta ba. Mu abin da muke da shi kara ne da totuwa, da ƙayar bagaruwa, da gwangwanin tumatir, da murfin kwalba, sai ƙasar da Allah Ya shimfiɗa mana kyauta.

Ashe hannuna ya riƙe aikinki ban sani ba. Na sa su tsince tsakuwa, muka daka, muka tankaɗe, muka jiƙa ya kwana. Na ce a zuba ƙaiƙayi kada ya tsage. Na ji bakina yana cewa a inuwa ake shanya, ba a rana ba, da irin muryarki sak, har na waiwaya.

Akwai ƙyauren ajinmu da iska ta ɓalle bara, yana jingine ba wanda ya gyara. Muka kwantar da shi a kan bulo a bayan aji. Na ce musu wannan ƙyaure shi ne garinmu, kowa ya gina gidansu ya ajiye a inda yake.

Inna, ranar suka yi magana. Ba magana kaɗai ba, har rigima. Wannan ya ce rumbunsu ya fi na wancan girma, wancan ya ce ƙarya ne, nasu biyu ne. Aka yi ɗakuna kamar dunƙulen hannu, aka yi musu jinka da tsinken tsintsiya, aka kewaye da dangar ɓawon kara. Gwangwanin tumatir ya zama injin niƙa. Murfin kwalba ya zama bakin rijiya. Masallaci kuwa kowa ya sa hannu, shi ya sa ya fito a karkace, amma ba wanda ya isa ya faɗa.

Akwai wata yarinya Balki, ita ce babbarsu, shekararta takwas. Ba ni na naɗa ta ba, ita ta naɗa kanta uwar aji. Ita ke cewa wane ka matsa gidanku ya shiga hanya, wance ki wanke hannu kafin ki taɓa allo. Har ni takan gyara wa zance. In kin gan ta sai ki ce wata tsohuwa ce aka matse ta koma ƙarama. Ina sonta, ko da yake wani lokacin nakan ji kamar in ɗaure mata baki da kallabi.

Akwai kuma Sa'adu, ɗan masu shanu, wanda ba ya son karatu ko kaɗan. Shi ya gina shanun garin duka, da tozo da ƙahon ƙaya, kowace saniya da sunanta. In an tashi sai ya kwashe su ya zuba a aljihu. Na ce ya bar su su bushe a garkensu. Ya girgiza kai ya ce, "Malama, in na bar su nan kwashe su za a yi."

Wata safiya na tarar da babur na kara a can gefen ƙyaure, ta wajen da daji yake. An yi masa taya da totuwa. An ɗora mutum uku a kai, kowanne da tsinke rataye a baya. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan nasa ne ya tsorata ni, don yaron da ya yi shi ya gani da idonsa ne. Ban tambayi ko wane ne ba. Na ɗauke na jefa a murhu da na koma gida.

Ban gaya miki Ummi a ajina take ba. Kin san halin, 'yar fari ce, ga shi sunanki ne da ita, ba na iya kiranta a gaban mutane, ba na ko son idona ya daɗe a kanta. Ita ma ta gina namu gidan, da ɗan murhu da 'yar randa a ƙofar ɗaki. Ya fi na kowa tsari, jininki ne a hannunta. Na yaba na kowa, nata na wuce kamar ban gani ba.

Baban Ummi tun a lokacin ya fara maganar mu dawo Tambuwal. Na ce a bari zangon karatu ya ƙare. Malaman da ake da su duk sun nemi canji sun tafi, saura ni da Hedimasta, wani dattijo ɗan garin wanda ya ce shi a nan za a rufe shi. Shi ke riƙe manyan azuzuwa, ni ƙanana. In na tafi, ƙananan sun tashi ke nan. Baban Ummi bai yi gardama ba, abu ɗaya ya ce: "Ɗiyan mutane kika tsaro, wa ka tsaron taki?" Na ji haushin maganar.

Sai gidan su Sa'adu ya ɓace daga kan ƙyaure. Wurin ya bar zagayen tabo inda yumɓu ya manne. Na tsaya a gaban allo na yi ta zuba wa'azi a kan sata, na ce duk wanda ya ɗauka ya dawo da shi kafin in kirga. Sa'adu yana zaune ya sunkuyar da kai, ni a zatona baƙin ciki yake yi. Ba a jima ba aka wayi gari gidansu na gaske a rufe da kwaɗo, an ce sun koma garin Sanyinna da abin da ya rage musu na dabbobi.

Ga yadda tafiya ta koma a can, Inna. Ba a sallama. Mutanen da suka haɗa katanga shekara da shekaru, suka yi wa juna wankan jego, sai ɗaya ta tashi ba ta ce wa ɗaya ci kanki ba. Ba rashin mutunci ba ne. In magana ta fita cewa wane zai tashi ran kaza, ba a san kunnen da za ta faɗa ba, kuma hanyar ɗaya ce, ta cikin daji take bi. Don haka akan ja kunnen yara a ce kada su kuskura su faɗa wa kowa.

Kuma ba sa faɗa. Wallahi yaran nan sun fi manya riƙe baki. Amma ba yaron da zai yarda ya tafi ya bar gidan da ya gina da hannunsa. Ana gobe ko jibi za su tashi, sai ya laɓaɓa lokacin tara ya ɗauke nasa ya cusa a riga.

Da na biyu ya ɓace, na uku ya bi, sai na gane. Yaran ma suka gane. Da safe kafin su gaishe ni sai su nufi bayan aji su tsaya a kan ƙyaure suna dubawa. In komai na nan su dawo da hayaniya. In an samu sabon tabo, ba mai cewa uffan, ba mai kallon mai gidan. Sai dai ki ga ranar ana ba shi ƙuli, ana bar masa gaban layi.

Na zama ina sanin abin da bai kamata in sani ba. In haɗu da uwar yaro a rijiya, mu gaisa, ta ce mini sai gobe, ni kuma in ce Allah Ya kai mu, alhali na san ta gama ɗaure kaya. Na fara tsoron kada wani babba mai dogon baki ya leƙo ta taga ya iya karanta ƙyauren nan yadda muka iya. Na samo tsohon buhu na riƙa rufe shi in an tashi.

Wata daga cikin waɗanda suka tafi Jabo ta same ni a waya ranar da na hau tudun bayan gari inda sabis ke kamawa. Ta ce gidan 'yarta ya ruguje a cikin ƙullin kaya, babur ya jijjiga shi ya zama gari. Ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba da aka fito da ita daga gidan da aka haife ta, amma da ta kwance ƙulli ta ga ƙasa, kwana ta yi ba ta ci abinci ba. A nan na ce ba abin da zan iya hanawa, amma ɗanyen yumɓu dai ba zan ƙara bari yaro ya tafi da shi ba. Sai na gasa musu.

Na so in yi gashi irin naki, a tara a fili, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu a cinna. Kashin shanun ma ya yi wuya a garin da shanu suka ƙare. Hedimasta kuma da na gaya masa sai ya riƙe baki ya ce, "Malama, kin san mi hayaƙi ka nufi garin ga yanzu." Gaskiyarsa. In hayaƙi ya turnuƙe daga wajen makaranta, kafin a gane yumɓu ake gasawa an tattake tsofaffi a hanya.

Sai na koma gasawa a murhuna, kaɗan-kaɗan. In na sauke tuwo sai in cire musu jinka, in binne su a garwashi, in rufe da ƙaiƙayi. Su fito jajaye da ɗigon baƙi. In ƙwanƙwasa da farce yadda kike yi wa tukunya a gaban mai saye, in ji sun amsa, in ji daɗi kamar na gina randa.

Da gidan su Balki na fara, don in huta da bakinta. Na ɗauka bayan an tashi ban gaya wa kowa ba. Washegari na ɗan makara, na shigo na tarar da aji a tsaye, Balki a tsakiya tana wani irin kuka da ban taɓa jin yaro ya yi ba. Ta ga tabo a wurin gidansu, ba ita ta ɗauka ba, sai ta ɗauka ƙanenta aka aiko, tafiya za a yi ba da ita ba. Na ciro gidan daga jaka da ɗuminsa na sa mata a hannu. Ta daɗe tana shessheƙa kafin ta dawo hayyacinta, ta share hanci, ta ce in ƙara yin haka ba ta yafe ba.

Ita ta kawo doka. Duk gidan da Malama ta ɗauka don gashi, a sa tsakuwa a wurinsa. In da tsakuwa, gida zai dawo. In babu, kowa ya san sauran. Haka muka yi ta yi, ina ɗauka ina dawowa da su, ƙyaure yana yin ja a hankali, tabo kuma yana ƙaruwa. Na Ummi na bari sai ƙarshe, kada a ce na fifita tawa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna gyaran gona da rabin zuciya. Kowa na cewa in dawa ta yi tsawo abin zai fi muni, don mutum zai iya zuwa har bayan ɗaki ba a gan shi ba. Kin taɓa jin manomi yana tsoron tsawon dawarsa, Inna? Na ji da kunnena.

Ranar wata Talata na shigo aji na ga sun kewaye ƙyaure shiru. Suka buɗa mini hanya. Na duba unguwar masallaci, lafiya. Na duba wajen rijiya, lafiya. Sai idona ya kai wurin gidanmu. Tabo ne, da ɗan zagayen inda randar take. Babu tsakuwa.

Na dafa bango. Ni ce matar gidan, ni ke shara ni ke girki a cikinsa, amma a kan ƙyaure na ji labarin tashinmu, a gaban yaran mutane. Ranar na kalli Ummi sosai a cikin aji, karo na farko. Tana zaune a bencinta ta haɗa gwiwa, ta rungume jakarta a ciki da hannu biyu.

Ƙananan suka fara kallona, bakin wata ya fara rawa. Sai Balki ta juya ta fita. Ta dawo da tsakuwa a hannu, ta ajiye a kan tabon, ta kakkaɓe hannu ta ce, "Gashi Malama tat tahi da shi, mantuwa tay yi. Kowa shi zamna." Suka zauna. Na ɗauki alli na koyar da haruffa, ban san me na rubuta ba.

A hanyar gida Ummi ta ce babanta ne ya ce ta ware abin da ta fi so ta ajiye kusa. Shi kuma da na tare shi bai ɓoye ba. Ya ce ya gama magana da mai mota, ranar kasuwa za mu bi 'yan kasuwa mu fita. Ya ce bai gaya mini da wuri ba don ya san zan tsaya yi wa yara bankwana, kuma yaro ɗaya ya faɗa a gida, magana ta gama gari. Na yi fushi, na faɗi maganganu. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini Ummi da haɓa, tana tsugune tana naɗe gidanta da tsumma. Na tashi na fara haɗa kaya.

Kwanakin da suka rage na gasa duk gidajen da suka saura, har da masallacin. Ranar ƙarshe na koyar kamar kullum. Na duba musu farce, na raba faɗa a kan fensir, na ce kowa ya zo da kara gobe za mu yi tabarau. Da aka tashi suka ce sai gobe Malama. Na ce Allah Ya kai mu.

Ba zan ba ki labarin hanya ba. Ba abin da ya same mu. Amma duk motar ba mai tari, kuma wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna tun daga fitarmu har muka hau kwalta. Ummi ta riƙo gidanta a cikin kwano a kan cinya, ya iso lafiya. Yana nan a kan tagarki.

Na zaci in na iso ɗakinki tsoron zai sauka. Ashe wanda na zo da shi kaɗan ne a kan wanda ke jirana. Bayan mako biyu Hedimasta ya kira. A can sai an hau wani tudu bayan gari waya ke shiga, kin ga dattijo bai hau don gaisuwa ba. Ya ce an shiga wata ruga da ke dab da su, kuma an ga sawun babura a bayan makaranta. Iyaye sun taru sun ce a rufe makarantar sai abin da hali ya yi. Manyan yara sun ji, sun zauna a gida. Amma 'yan ajina kullum da hantsi sai su sulale su tafi, su zauna a benci su kaɗai, a ginin da ba ƙyaure, a bakin daji. An dake su, an yi musu tsawa, gobe su koma. In an tambaye su sai su ce akwai tsakuwa, Malama za ta dawo.

Ya ce ya je zai ɗauke tsakuwar, Balki ta tsaya a gabansa ta buɗe hannuwa. Ya ce shekararsa talatin yana koyarwa, yaro bai taɓa tare masa hanya ba, kuma ya rasa yadda zai ture ta. Don haka ya riƙo hannunta suka hau tudun tare, ya ce ni in gaya mata da bakina.

Inna, na sha faɗin magana mai nauyi, ni na gaya wa Yaya rasuwarki. Amma wannan sai da na zauna a ƙasa. Na ce Balki, ki saurare ni da kyau. Ba zan dawo yanzu ba, ban san ranar dawowata ba. Ki cire tsakuwar nan yau. Ki ba kowa gidansa ya kai ɗakin uwarsa, kada wanda ya ƙara taka makaranta sai Hedimasta ya ce. Na shirya jin kukan nan nata na ranar. Ban ji komai ba sai iska a cikin waya, har na zaci ta katse.

Sai ta ce, "Malama, ai na sani ba gashi ba na. Don ƙanana nis sa ta, kas su yi kuka." Ta ƙara da cewa, "In na cire, mi zan ce musu?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, wayar ta yanke. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Har yau da nake rubuta miki ba ta ƙara shiga ba. Wasu sun ce sabis ne ya ɗauke a yankin duka, wasu sun ce ba mai iya hawa tudun yanzu. Baban Ummi yana zuwa tasha kullum yana tambayar direbobin Kebbe, ba wanda ya zo da magana tsayayya.

Shekararta takwas, Inna. Na bar mata aji, na bar mata tambayar da ni mai takardar shaida ban iya amsawa ba. Ban sani ba ko ta cire. In ta cire, ban san abin da ta gaya musu ba. In ba ta cire ba, to yanzu haka da nake riƙe da alƙalamin nan hantsi ne, suna can a kan benci suna kallon ƙofa.

Da kina nan da na sa kaina a cinyarki na yi kukan da nake ɓoye wa Ummi. Da kin bar ni na yi mai isata, ba ki ce mini komai ba, hannunki mai kaushi yana kan wuyana. Ina kewarki, Innata. Ban taɓa jin ni marainiya ce kamar a 'yan kwanakin nan ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka gafarta mata, Ka sa aljanna ce makomarta. Ya Allah, yaran nan ba su san komai ba, Ka tsare su a gida da hanya, Ka kau da idon azzalumai daga kansu. Ka sa Balki ta ji maganata ko sau ɗaya a rayuwarta, Ka sa mata abin faɗa a baki, Ka sauke mata kayan da ba nata ba. Ka sa in an buɗe wayar nan muryarta zan fara ji, ko da faɗa za ta yi mini. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

'Yarki,
Hadiza